Rafin Cikin Birni: Daga Tudu Ake Fara Gyara

Rabi: Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Injiniya, kullum ana yashe magudanai, amma ambaliya ba ta fasa ba. Ina gizo ke saƙar?

Injiniya Sani: A ƙarshen hanya ake tarar ruwan, Malama. Aikin farko taswira ce: a bi tudun da ya raba ruwa, a zana duk filin da ke malalowa cikin rafin, ko da ya ƙetare iyakar hukumomi uku. Sannan a auna inda kwalta, kankare da rufin gidaje suka rufe. Da wurin da aka rufe ya kai kashi 10 cikin 100 na filin, rafi ya fara lalacewa. In ya wuce 25, sai zaizayar gaɓa da ruwa mai dauɗa.

Dakta Halima: Lissafin ma ba wuya. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1, lita 1 ke nan. Rufi mai murabba'in mita 100, in aka yi milimita 25, lita 2,500 zai zubo ta indararo.

Rabi: Gida ɗaya fa! To, a faɗaɗa lambatu a zuba masa kankare mana.

Injiniya Sani: Kin ƙara wa ruwan gudu ne kawai, na gangare su kwana a ciki. Gara ramin tsotse ruwa: zurfin santimita 15 zuwa 20, ƙasa gauraye da yashi da taki, a dasa ciyawa, a nisanta shi da harsashin gini mita 3. Amma a fara gwaji. A haƙa rami, a cika da ruwa. In ya wuce awa 48 bai tsotse ba, laka ta yi yawa, a sake wuri.

Rabi: Sauro fa?

Dakta Halima: Sai ruwa ya yi kamar mako a kwance kafin ƙwansa ya zama sauro. Abin da ya fi kashe ramukan nan taɓo ne da ke toshe samansu, don haka a yi ɗan ramin tara yashi a mashiga, a riƙa kwashewa. A gaɓar rafi kuma a bar mita 30 ba gini, a dasa jema, saiwarta na nutsewa har mita 3.

Rabi: Ina jin ana yabon rafin Cheonggyecheon na Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu.

Injiniya Sani: An rushe babban titin da ya rufe shi, aka buɗe a 2005. Sai dai yawancin ruwansa da famfo ake turo shi daga kogin Han, don ba a gyara mafarinsa ba.