Bas da Aike: Abin da Ke Sa Murya Ta Ninku a Haɗin Sauti

Masu kallo, barkanmu da wannan lokaci. Tambaya ɗaya ce take ta maimaituwa a kwanakin nan daga masu haɗa waƙa a kwamfuta. Sun ɗora ribab, wato amsa-kuwwar ɗaki, a kan layi na daban kamar yadda aka koya musu, amma da zarar sun ƙara shi sai muryar mawaƙi ta kumbura ta danne kiɗa, wani lokaci ma ta koma kamar daga cikin bututu ake rera ta.

Mu fara da bas, domin ba shi da wuya. Ga layukan ganga shida a allo, kuma mafitar kowannensu tana nuna masta, wato babban layin da duk sauti yake haɗuwa a kansa kafin ya fita. Na canza mafitar duka shidan zuwa layi guda, wanda shi ne bas ɗin, shi kuma ya wuce zuwa masta. Yanzu feda ɗaya, wato maɓallin ƙara ko rage ƙarfin sauti, ce take ɗaga gangunan ko ta sauke su, kwamfiresa ɗaya, mai daidaita hawa da saukar ƙarfin sauti, kuma ya ishe su. A manhajar Cubase ana kiran wannan Group, a manhajar Reaper ana iya yin sa da folda. Abin riƙewa shi ne sautin ya tashi gaba ɗayansa ya koma sabuwar hanya, babu abin da ya rage a tsohuwar.

To, a aike ne mutane suke tuntuɓe, kuma a nan zan daɗe. Maɓallin aike, wanda manhaja ta rubuta wa Send, ba ya ɗauke sauti daga hanyarsa. Kwafi yake yi, kamar a ɗauki hoton takarda a tura wani ofis alhali ainihin takardar tana ci gaba da tafiya inda aka nufe ta. Ku dubi mitar layin murya: tana motsi, tana shiga masta kamar da. Ku dubi mitar layin oks, wato layin daban da ribab yake kai, inda kwafin yake shiga: ita ma ta soma motsi tun da na murɗa aiken. Ke nan murya tana da hanyoyi biyu a yanzu, kuma duka biyun a masta za su haɗu.

Da yake busasshiyar murya, wadda ba a yi mata komai ba, ta riga ta isa masta ta hanyar farko, layin oks ba shi da wani aiki sai kawo amsa-kuwwa tsantsa. Saboda haka dole maɓallin Mix na ribab ɗin, mai auna kason amsa-kuwwa a cikin abin da yake fitarwa, ya tsaya a kan 100. Ku lura da shi a nan, a kan 30 yake, domin saitin da na buɗe an tsara shi ne don a ɗora kai tsaye a kan layin murya. A wannan matsayi, yawancin abin da oks yake mayarwa busasshiyar muryar ce dai, don haka duk lokacin da kuka ƙara aike da niyyar ƙara faɗin ɗaki, ƙarfin muryar kuke ƙarawa. Sauti biyu iri ɗaya sak idan suka haɗu daidai da juna, ƙarfinsu yana hawa da kusan desibel 6, kuma wannan ya isa ya rushe daidaiton da kuka ɓata awa guda kuna ginawa.

Sautin bututun nan kuwa daga jinkiri yake fitowa. Idan kwafin ya makara da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma manhajar ba ta cike wannan tazara ba, wasu sassan sautin sai su soke juna, wasu su ƙaru, muryar ta rame ta yi kogo. Ku saurara. Yanzu na kai Mix 100. Ku sake saurara, muryar ta dawo jikinta, ɗakin kuma yana bayanta.

Wannan kuskure yana da ɗan'uwa da yake faɗa wa masu son yin bas. A FL Studio, idan kuka danna ƙaramar kibiyar da ke ƙasan wani layi, kun ƙara hanya ne a kan wadda take zuwa masta, sai kun kashe ta masta da hannu ko kun zaɓi a bi sabon layin kaɗai. A Reaper ma akwatin aikewa zuwa masta yana nan a kunne har sai kun cire alamarsa. Gwajin da nake yi kullum mai sauƙi ne: in sauke fedar bas ɗin har ƙasa. Idan gangunan suka yi shiru, bas na yi. Idan har ina jin su, aike na yi ban sani ba.

Ni dai a ra'ayina, ribab ɗaya a kan oks ya fi guda goma a kan layuka goma, ba don sauƙaƙa wa kwamfuta kawai ba. Murya da jita da amshi suna zama kamar a ɗaki ɗaya aka ɗauke su, kuma kunne yana jin wannan.

Saura batun inda ake ɗaukar kwafin. Idan bayan feda ne, sauke murya yana sauke amsa-kuwwarta tare da ita, kuma shi ya dace da ribab. Idan kafin feda ne, kwafin bai san an taɓa fedar ba, wanda shi ake so wajen haɗa wa mawaƙi abin da zai ji a hedfon, don kada gyaran da kuke yi ya dagula masa rerawa. Logic Pro yana buɗe layin oks da kansa da zarar kun zaɓi bas a aike (a nan bas yana nufin hanyar da kwafin yake bi), Ableton Live yana kiran nasa Return, a Pro Tools kuwa ku ne za ku ƙirƙiri layin ku nuna masa bas ɗin da zai saurara.

Yanzu ku buɗe aikinku, ku bar layin oks shi kaɗai yana sauti. Idan kun ji kalmomin mawaƙi tas kamar yana gabanku, ku koma kan maɓallin Mix.