Komawa kan keke da hawan dutse bayan karaya

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake saduwa.

Ku dubi wannan gangaren dutsen da kyau. A Izu yake, cikin ƙasar Japan, ranar 26 ga Yuli, 2021, ana tseren keken duwatsu na maza a gasar Olamfik ta Tokyo. Wancan mai tahowa da riga ruwan lemo, Mathieu van der Poel ne na ƙasar Holan, ɗaya daga cikin waɗanda aka fi sa wa rai da zinare. A kwanakin atisaye akwai katako da aka jingina a bakin dutsen, ana gangarowa ta kansa. Ranar tsere an ɗauke shi, shi kuwa ya taho da zaton yana nan. Tayar gaba ta yi ƙasa, ya wuntsila ta saman keken, ya faɗi ta baya. Ya miƙe ya ci gaba, amma bai iya kai tseren ƙarshe ba.

Wanda ya ɗauki zinare a ranar shi ne Tom Pidcock na Birtaniya, yana da shekara 21. Ƙasa da wata biyu kafin nan mota ta buge shi yana atisaye, ƙashin nan da ya taso daga gindin wuya ya nufi kafaɗa ya karye. Aka yi masa tiyata, cikin kusan mako guda ya koma taka feda. Washegari kuma Jolanda Neff ta ƙasar Suwizalan ta ci zinaren mata. Ita a watan Disambar 2019 ta faɗi a wani daji na jihar Karolina ta Arewa a Amurka, haƙarƙarinta ya karye, huhunta ɗaya ya samu matsala, saifarta ta fashe.

Ni ma wannan ƙashin na kafaɗa na karya, a wata siririyar hanya mai tsakuwa cikin duwatsun bayan garin Jos. Ina kwance hannu rataye a wuya, labarin Pidcock nake ta karantawa a waya, ina lissafin kwanaki. Da na kai wa likitan ƙashi maganar, sai ya ajiye biro ya ce, "Malam, shi wancan sana'arsa ke nan, likitoci na kansa dare da rana. Kai kuma da wannan kafaɗar za ka nemi abinci har tsufanka." Daga nan ya ɗaga hoton ƙashina ya nuna mini abin da nake so in nuna muku yau.

Ga karayar nan. Da ƙashi ya karye, jini ne ke fara taruwa a wurin ya daskare, shi ya sa ake ganin kumburi da zafi a kwanakin farko. Cikin mako biyu zuwa uku jiki yana gina wani abu mai taushi, kamar guringuntsi, ya kewaye bakin karayar ya riƙe gutsattsarin biyu kada su riƙa motsi. Ku riƙe wannan wurin da kyau, domin a nan ne mutane da yawa ke cutar da kansu. Tunda gutsattsarin sun daina goga juna, zafin sai ya ragu sosai. Mutum ya tashi da safe ya sa riga da kansa, ya ɗauki buta, ya ce alhamdu lillahi na warke. Alhali abin da ke riƙe da ƙashin bai fi ɗanyen siminti ƙwari ba. Sai a hankali sinadarin kalsiyam ke shiga cikinsa ya taurare. Ga babban mutum, ƙashin kafaɗar nan kan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin ya haɗe, yara kuwa sun fi saurin haka. Bayan ya haɗe ma jiki na ci gaba da sassaƙa shi har watanni, wani lokaci shekaru, yana rage ƙullutun da ya fito, yana ƙara ƙarfi ta inda nauyi ke bi. Tun 1892 wani likitan Jamus, Julius Wolff, ya rubuta cewa ƙashi yana ginuwa ne daidai da nauyin da ake ɗora masa. Ke nan kwanciya kawai ba ta ƙarasa aikin, ana bukatar nauyi, sai dai a lokacinsa kuma gwargwadonsa.

Ƙarfen da ake sa wa mutum a tiyata riƙo ne kawai yake yi. Jiki ne da kansa ke haɗe ƙashin, ba ƙarfen ba. Yana dai ba da damar fara motsa hannu da wuri, abin da ya taimaki Pidcock ke nan. Amma da ya sake faɗuwa a kan kafaɗar a makonnin farko, da labarin ya sha bamban. Ga masu shan taba kuma, likitocin ƙashi sun daɗe da sanin cewa hayaƙinta na jinkirta haɗewar karaya, wani lokaci ma ya hana ta haɗewa.

Kafin mu je ga hawan dutse, akwai raunukan da ba a gani da ido, kuma su ne suka fi ba ni tsoro. Idan kan keke ya daki mutum a ciki, musamman ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, saifa na iya fashewa jini ya riƙa zuba a ciki, kamar yadda ya faru da Neff. Mutum na iya tashi ya karkaɗe jikinsa ya tafi gida. In daga baya ya ji jiri, ko ciki ya ɗaure, ko ya ji ciwo a saman kafaɗar hagu alhali ba nan ya bugu ba, asibiti za a nufa a take. Sai kuma raunin kai. Ba sai an suma ba ƙwaƙwalwa ke girgiza. Ciwon kai, tashin zuciya, mantuwa, ƙin haske, ko saurin fushi da ba a san mutum da shi ba, duk alamu ne. Masana da suka taru a birnin Amsterdam na ƙasar Holan a 2022 sun ba da shawarar a sassauta wa jiki da ƙwaƙwalwa na awa 24 zuwa 48, a rage kallon waya, sannan a fara tafiya a ƙasa a hankali. Daga nan a riƙa ƙarawa mataki-mataki, kowane mataki aƙalla kwana guda, kuma kada a koma abin da zai iya jawo wata faɗuwar sai likita ya amince. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin ƙashi a wuyan hannu, gindin babban yatsa, wanda kan karye idan an tare ƙasa da tafin hannu. Sau da yawa hoton farko ba ya nuna shi, sai a ɗauka targaɗe ne. In wurin na ciwo idan an danna, a koma a sake dubawa bayan kwana 10 zuwa 14, domin jini ba ya isarsa sosai, in aka bar shi yakan ƙi haɗewa.

Na san da yawanmu wurin mai ɗori muke fara zuwa. Ni ma ranar da na faɗi, Inna ta riga ta aika a kira shi kafin in iso gida. Roƙona ɗaya ne: a ɗauki hoto tukuna, a san irin karayar. Kuma duk ɗaurin da ya sa yatsu suka yi sanyi, ko suka mutu, ko suka sauya launi, a kwance shi a tafi asibiti a ranar, kada a kwana.

To, yanzu likita ya ce an fara haɗewa. Da me za a fara? Ni da ƙafa na fara, kuma ita nake ba kowa shawara. Makonnin zama suna zaizaye tsoka fiye da yadda ake zato, numfashi ma ya gajarce. Na fara da zagaya unguwa bayan sallar asuba, minti ashirin a miƙaƙƙiyar hanya. Da na ga jiki ya karɓa sai na ƙara lokaci, bayan nan na shiga hanyar gona mai gargada. Gargadar nan tana da amfani, domin gaɓoɓi suna da jijiyoyin da ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda ƙafa ta sauka ba tare da an duba ba, kuma rauni da dogon zama suna dusashe su. Mai gashin ƙashi ta asibiti da ke duba ni ta sa ni tsayuwa da ƙafa ɗaya kullum, har na iya yi ido a rufe.

Wanda zai gwada tudu, ko Dutsen Dala ne, ko Kufena, ko duwatsun Shere, ya sani cewa hawa numfashi yake ci, saukowa kuwa gwiwa take ci. A gangara tsokar cinya birki take takawa, tana miƙewa alhali tana riƙe da nauyin jiki, shi ya sa ciwonta ba ya fitowa sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Galibin faɗuwar masu hawan dutse ma a saukowa take faruwa, lokacin da an gaji kuma hankali ya riga ya tafi gida. Saboda haka a juyo tun da sauran ƙarfi, ko da ba a kai ƙololuwa ba. A riƙe sanda a hannu mai lafiya, a taƙaita taku. Abin da babu wanda ya gaya mini shi ne jakar goyo. Igiyarta a daidai kan karayar take zama. Ranar farko da na goya ta da gorar ruwa biyu a ciki, ban yi tafiyar minti goma ba na sauke ta. Na koma ƙaramar jaka da ake ɗaurawa a ƙugu, na yi wata biyu da ita.

Ma'aunin da mai gashin ta ba ni shi ne wannan. Ta ce in ɗauki zafi daga sifili zuwa 10. In yana wajen 2 ko 3, kuma ya lafa kafin washegari, an yi daidai, a ci gaba. In ya tashi da ni da safe, ko kumburi ya dawo, ko ya hana ni barci, to na zarce, in koma matakin baya na wasu kwanaki. Zafi mai suka a daidai kan ƙashin kuwa ba a ciniki da shi, a tsaya a koma wurin likita. Kuma ta hana ni shan maganin kashe zafi kafin fita, don kada in toshe bakin mai ba ni labari.

Keke kuma a ɗaki na fara shi, irin wanda ake girkewa wuri ɗaya, ina zaune a miƙe ba na dafa kansa da hannun da ya karye. Ƙafa da zuciya suna samun aikinsu, babu fargabar faɗuwa. Sai kwalta mai laushi da sassafe kafin motoci su yi yawa, sai hanyar burji, duwatsu su ne ƙarshe. Dalili kuwa, a hanyar dutse duk girgizar da tayar gaba ta kwasa ta hannu take bi ta sauka a kafaɗa, ga jan birki, ga ɗaga gaban keke a tsallake saiwa. Tambayar da likita ya ce in yi wa kaina kafin in shiga duwatsu ita ce: in na sake faɗuwa yau a kan wannan kafaɗar, za ta ɗauka? Muddin hoto bai nuna ƙashi ya haɗe ba, kuma hannun bai kusa kamo ɗan'uwansa a ƙarfi ba, amsar a'a ce.

Keken da aka faɗi da shi ma majinyaci ne. A kai shi wurin mai gyara ya duba kan keken, da birki, da ƙafafunsa, da jikinsa ko ya tsage. Hular kwano kuwa a sayi sabuwa. Abin da ke cikinta irin kumfar nan ce mai tauri da ake tallafe sabuwar talabijin da ita a kwali. Aikinta ta murƙushe ta shanye duka, kuma sau ɗaya take iya yin haka. Tawa daga waje ƙarzanewa kawai ta yi, da na leƙa ciki na matsa da yatsa sai ga tsaga ta buɗe daga goshi har tsakiya.

Mu koma kan van der Poel, domin labarinsa ya fi kama da na yawancinmu. Faɗuwar Izu ba ta karya masa ƙashi ba, ciwon baya ta tsananta masa. Ya ɗan huta ya dawo, har ya zo na uku a tseren Paris-Roubaix a Faransa ranar 3 ga Oktoba, 2021. Kowa ya ɗauka shi ke nan. Ƙarshen Disamba ya shiga tsere biyu, ciwon bayan ya sake tashi, dole ya ajiye gasa gaba ɗaya. Sai a watan Maris na 2022 ya dawo, ya zo na uku a tseren Milan-San Remo a Italiya, a Afrilu ya ci tseren Flanders a Beljiyam. Mutumin da ke da likitoci da masu horarwa a kansa ke nan, amma sai da ciwon ya karɓi watanninsa.

Saura tsoro, wanda hoton asibiti ba ya nunawa. Ranar da na fara komawa duwatsu, ƙashi ya haɗe, ƙarfi ya dawo, amma da na hango ƙaramar gangara sai yatsuna suka damƙe birki da kansu, kafaɗuna suka sandare, idona ya kafe a kan dutsen da nake gudun takawa. Wannan sandarewar haɗari ce, domin keke inda ido ya kalla yake bi, kuma jiki mai tauri ba ya shanye gargada. Abin da ya yi mini magani shi ne maimaita hanya mai sauƙi wadda na sani kamar tafin hannuna, sau da yawa, har hannu ya saki. Ban fita ni kaɗai ba, kuma duk inda zuciyata ba ta kwanta ba na sauka na tura keken. Wanda kuma faɗuwar ke dawo masa a mafarki, ko gabansa ke faɗuwa da ya ga keke har bayan watanni, ya gaya wa likitansa, akwai taimakon da ake yi.

Wurin da kuke gani yanzu, nan ne na faɗi. Ga tsakuwar da ta kwashe tayar, ga dutsen da kafaɗata ta daka. Zuwana na farko da ƙafa na zo, na tsaya na ƙare masa kallo, na ga ashe ta hagu ya kamata in bi, inda ƙasa ta fi tauri. Zuwa na biyu na turo keken da hannu. A na uku ne, wata biyar bayan karayar, abokina ya tsaya a ƙasa yana jira, na ce bismillah, na sassauta birki, na bi ta hagu.