Anza: yadda ake shuka ta, da abin da ƙudan zuma ke samu a jikinta

Jama'a, barkanku da war haka. Ku matso ku dubi wannan ɗan itacen da kyau. Mun baro Damagaram, mun kama hanyar Tanut, an gama girbi, ciyawa ta bushe ƙayau, amma ita tana nan kore shar. Anza ke nan. Wasu su ce hanza, wasu su ce dilo, masana tsirrai kuma suna kiranta Boscia senegalensis. Ba baƙuwa ba ce, 'yar gida ce, daga Senegal har Sudan ana samunta.

Da an ambaci anza sai a tuno yunwa, musamman ta 2005, lokacin da gidaje da yawa suka jingina da 'ya'yanta. Shi ya sa ake mata kallon abincin wahala, kuma wallahi wannan rainin yana damuna, don ba a yi mata adalci ba.

Ga furen nan. Ƙanana ne, kore-kore mai ratsin fari, a cure wuri guda, ba su da wani ado. Amma ku tsaya kusa da ita da hantsi, ƙamshi zai doke ku, sannan ku ji gunjin ƙudan zuma da sauran ƙwari. Sirrin yana ga lokacin. Anza tana fure ne bayan ɗaukewar ruwa, cikin sanyin hunturu, sa'ad da furen damina ya ƙare, ƙudan zuma na neman abin da zai kai amya. Kuma shi wannan ƙudan ne ke kwasar garin fure daga wannan fure zuwa wancan a lambunan rani, irin na Mirya. In babu shi, kankana da kabewa sai su yi ta yaɗo, 'ya'ya kaɗan.

To, yaya ake shuka ta? A nan ne mutane ke kuskure. Irin anza ba ya ajiyuwa kamar hatsi. In ya bushe sosai ya mutu. 'Ya'yan suna nuna ne wajen faɗuwar damina, su tashi daga kore su koma rawaya. Ka tsinko nunannu, ka murje ɓawon da ɗan zaƙin da ke ciki, ka shuka a kwanakin nan, bayan an yi ruwa ƙasa ta jiƙa. Rami ɗan kaɗan, kamar gaɓar yatsa biyu, ƙwaya biyu ko uku. Ka shuka ta a inda za ta zauna, domin saiwarta ƙasa take nutsawa, ba ta son a tumɓuke ta. Jigawa, fako, gefen suri, duk tana ɗauka. Abin da ba ta so shi ne wurin da ruwa ke kwanciya.

Sai shinge. Ka kewaye ta da ƙayar magarya saboda awaki, ka kafa sanda don kada hauya ta share ta wajen noma.

Gaskiya, anza tana da jinkirin girma. Shekarar farko za ka ga kamar ba ta motsi, alhali aikin a ƙarƙashin ƙasa yake. Sai an yi shekaru kafin ka ga fure. In kana da kututturenta a gona, ka riga ka yi sa'a: lokacin sassabe kada ka ƙone shi, ka zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka rage sauran, kamar yadda manoman Matamaye da Magarya suka raya gawo a gonakinsu.

Iyayenmu mata, ku kun fi mu sani, amma a faɗa saboda yara: ƙwayar anza ɗanya tana da ɗaci kuma tana cutarwa. Sai an jiƙa ta kwanaki, ana zubar da ruwan ana sake wani, har ɗacin ya fita, sannan a dafa. Ganyen kuma ana sa shi a rumbu don korar ƙwarin hatsi da wake.