Amsoshin Tambayoyinku: Ƙirƙirarriyar Basira a Wurin Aiki

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku daga nan Legas. Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan makon, dukkansu a kan ƙirƙirarriyar basirar nan ta AI, wadda ke rubutu da zane da fassara idan an ba ta umarni.

Ta farko daga wani bawan Allah ce a Agege, akawu a wani kamfanin jigilar kaya da ke Apapa. Ya ce shekararsa 19 yana wannan aiki, sai ga shi an ɗauko wani yaro da bai daɗe da gama hidimar ƙasa ba, rahoton da shi yake kwana biyu a kansa yaron yana kammala shi da taimakon AI kafin azahar. Ya rufe wasiƙar da cewa, "Shin lokacina ya wuce ke nan?"

Malam, lokacinka bai wuce ba. Kamfanin OpenAI ya fito da manhajar AI ɗin nan ta ChatGPT ne ranar 30 ga Nuwamba, 2022, ka ga kuwa duk wanda ke tinƙaho da ita a ofis bai daɗe da fara koyo ba. Abin da kai ka tara a shekara 19 ba a waya ake sauke shi ba. Ita manhajar an ɗura mata ɗimbin rubuce-rubuce ne, tana kintacen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Ba ta san direban da ke ƙara kuɗin mai a takarda ba, ba ta san tirelar da ta kwana uku a hanyar tashar jiragen ruwa ta Tin Can ba. Kai ka sani.

Abu biyu kawai yaron ya fi ka, ko ma ɗaya. Na farko iya aike. Idan ka ce wa yaron shago "je ka sayo shinkafa", abin da ya ga dama zai kawo. Idan ka ce tiya biyu, 'yar Hausa, a rumfar wane, ba za ku yi musu ba. To haka take. Kada ka ce mata "rubuta min rahoto". Ce mata: ni akawu ne a kamfanin jigila, ga motoci 12 da suka yi lodi zuwa Kano da Kaduna a makon nan, ga man da kowace ta sha, ki jera min su a jadawali, ki nuna wadda kuɗinta ya zarce, shafi ɗaya nake so, manaja ne zai karanta. Idan bai yi maka ba, ka ce ta gyara nan da can.

Na biyu shi ne tantancewa, kuma a nan ina kyautata zaton kai ne malamin yaron. Wannan abu yana shara ƙarya ko gezau. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar mata da shari'o'in da manhaja ta ƙirƙiro, babu su a ko'ina. Ni ma na gwada wata daga cikin manhajojin nan, na ce ta ba ni karin magana uku a kan haƙuri. Biyu na san su tun ina yaro. Na ukun na kira wani dattijo a Obalende na karanta masa, ya yi shiru, ya ce, "Ɗana, wannan dai ba a bakin Bahaushe ta ji shi ba." Saboda haka, Malam, ka ja kujera kusa da yaron, minti 30 bayan la'asar. Ya nuna maka inda ake latsawa, kai ka nuna masa inda lissafi ke kubcewa. Matambayi ba ya ɓata.

Wasiƙa ta biyu daga wata Hajiya ce a Idi-Araba, mai kamfanin shirya tafiye-tafiye da ma'aikata takwas. Ta gano suna amfani da AI a ɓoye, tana tambaya ko ta hana.

Hajiya, hanawar ba za ta yi ba, domin tun Afrilun 2024 Meta AI ta shigo cikin WhatsApp a Najeriya, tana cikin aljihun kowa. Amma fargabarki na kan hanya. Kamfanin Samsung ma ya taƙaita wa ma'aikatansa amfani da irin waɗannan manhajoji a 2023 bayan an zuba bayanan sirri a ciki. Ke kuma fasfo ɗin mutane ne a hannunki, ga dokar kare bayanan jama'a ta 2023 tana kanki. Ki tara su, ki gindaya sharaɗi: ba lambar fasfo, ba lambar asusu, ba sunan kwastoma, kuma ba saƙon da zai fita sai mutum ya karanta. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne masu gida da yawa suna son ma'aikaci ya iya, amma awa ɗaya a mako ta koyo ba za su ba shi ba. Ki ware wannan awar cikin lokacin aiki, ki saya musu data, wanda ya fi iyawa ya koya wa saura.

Ta ƙarshe daga wani matashi ce a Mile 12, mai rubuta wa ubangidansa lissafin albasa. Ba shi da kwamfuta, Turancinsa kuma ba ƙarfi.

Ƙanena, wayarka ta isa ka fara, manhajojin ChatGPT da Gemini duk suna da na kyauta. Suna jin Hausa, sai dai suna ɗingishi, don haka ka riƙa gajarta jimla. Fara da littafin bashi: buhu nawa ya sauka, wa ya ɗauka, nawa ya rage, sannan ka bi jimillar da kalkuleta. Idan kana son karatu mai tsari, ka nemi shirin 3MTT da ma'aikatar sadarwa ta ƙaddamar a 2023 ƙarƙashin minista Bosun Tijani, don horas da mutum miliyan 3 sana'o'in fasahar zamani. Ta intanet ake cike takardar, kuma ba a biyan kuɗin karatun. Ka rubuto mana bayan wata ɗaya mu ji yadda littafin bashin ya kasance.