Me Ya Sa Linzami Ke Sarƙewa Tsakanin Kwamfutoci Biyu?

Zainab: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ni na zo da ƙorafi, shi ya sa na riga kowa buɗe baki. Malam Sani, Bashir, sannunku da zuwa.

Malam Sani: Yauwa Zainab, sannu. To, mu ji.

Zainab: Malam, kwamfuta biyu ke kan teburina. Akwai babbar da nake haɗa bidiyo a kanta, ga kuma laftof a gefe da nake rubutu da amsa saƙonni. Na gaji da linzami biyu da kibod biyu, sai Bashir ya sa mini manhajar nan da idan ka tura kibiya ƙarshen allo sai ta tsallaka ɗaya kwamfutar. A babbar lafiya lau. Da ta tsallaka laftof sai ta fara tafiya tana tsayawa, wani lokaci ta daskare kamar rabin daƙiƙa, sannan ta yi tsalle ta wuce inda nake so.

Bashir: Barrier na sa mata, Malam. Kyauta ce, kuma tana aiki tsakanin Windows da Mac da Linux.

Malam Sani: Na san ta. Daga wata manhaja mai suna Synergy aka tsage ta. Sai dai tun 2021 ba a sake fitar da sabon zubinta ba, masu kula da ita sun koma Input Leap, yanzu kuma ga Deskflow. Duk dangi ɗaya ne, aikinsu iri ɗaya. Kwamfutar da aka jona wa linzamin ita ce uwa. Duk motsin da hannunki ya yi, sai ta naɗe shi a ɗan ƙaramin saƙo ta aika wa ɗayar ta hanyar sadarwar cikin gida, ta ƙofa mai lamba 24800. Zainab, da me kika haɗa su?

Zainab: Da MiFi ɗina. Har na ƙara sayen data mai yawa, na zaci ko ƙarfin intanet ne ya gaza.

Malam Sani: To nan nake so mu tsaya, don mutane da yawa suna asarar kuɗi a wannan wurin. Saƙon linzamin nan ba ya fita daga ɗakinki. Daga babbar kwamfuta zuwa MiFi, daga MiFi zuwa laftof, shi ke nan tafiyarsa. Ko babu data ko kaɗan a layin, zai yi aiki. Kamfanin layinki ba shi da hannu a ciki.

Bashir: Kuma saƙon ba shi da nauyi ko kaɗan.

Malam Sani: Ba shi da nauyi, amma yana da yawa, kuma ba ya son jira. Linzami na gama-gari yana ba da rahoto sau 125 a daƙiƙa ɗaya. Na masu wasannin kwamfuta yana kai sau 1000. Allon da ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa kuwa, duk bayan milisakan 16 da ɗoriya yake zana sabon hoto, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa. Idan saƙo ya makara da milisakan 2 ko 3, ido ba zai gani ba. Idan ya makara da 100, hoto shida sun wuce kibiya tana tsaye wuri ɗaya. Wannan hannu zai ji shi.

Zainab: Amma tsallen fa? Shi ya fi ɓata mini rai. In tsayawa ce kawai da sauƙi.

Malam Sani: Tsallen daga tsarin aika saƙon yake. Manhajojin nan da wani tsarin aika saƙo mai suna TCP suke aiki, shi kuwa TCP ba ya yarda wani ya tsallake layi. Kin ga layin motoci a kan siririyar gada? Idan ta gaba ta mutu, na baya duk sai su tsaya, ko da lafiyarsu ƙalau. Saƙo ɗaya ya ɓace a iska, sai a riƙe duk waɗanda suka biyo bayansa har a sake aiko shi. Da ya iso sai a sake su gaba ɗaya. Tsayawar da kika gani jiran ne, tsallen kuma sakin ne.

Bashir: Malam, ni abin da na fara yi shi ne na shiga saitin manhajar ina ta sauye-sauye. Na kashe ɓoye saƙo, na kunna, na sake girka ta. Babu abin da ya canza.

Malam Sani: Ai ba za ka ga canji ba, don ba ka auna hanyar ba tukuna. Ni kafin in taɓa saiti, ping nake fara yi, wato umarnin da ke auna milisakan nawa saƙo ke ɗauka ya je wata kwamfuta ya dawo. A Windows ka buɗe wurin rubuta umarni a laftof, ka rubuta ipconfig ka ga adireshinta, irin 192.168 da sauransu. Ka koma babbar ka rubuta ping, ka sa -t, sannan adireshin. Ka bar shi yana gudu minti biyu ko uku kana kallo. Kada ka damu da matsakaicin da zai ba ka a ƙarshe. Layi-layi za ka bi. Idan kana ganin 2, 3, 2, 4, sai kwatsam 180, sannan a dawo 3, ka kama ɓarawonka. Matsakaicin zai iya nuna maka 10 ka ce lafiya, alhali wannan 180 ɗin ita ce ke daskarar da kibiya.

Zainab: Idan kuma lambobin duk ƙanana ne, babu mai tashi?

Malam Sani: To hanya ta wanke kanta, sai a koma kan kwamfutocin. Amma bari in tambaye ki, akwai lokacin da abin ya fi tsanani?

Zainab: Akwai. Idan aka ɗauke wuta. Har na ce ko inbata ce ke kawo shi.

Malam Sani: Idan an ɗauke wutar, laftof ɗin tana jone?

Zainab: A'a, cire ta nake yi don kada ta janye batirin inbata. Babbar da MiFi kawai nake bari.

Malam Sani: Alhamdu lillahi, kin ba mu amsa da bakinki. Laftof idan ta koma kan batirinta, tana sa na'urar Wi-Fi ɗinta gyangyaɗi don tattalin caji. Rautar, wato MiFi ɗinki, sai ta riƙe mata saƙonninta, ita kuma ta riƙa farkawa lokaci-lokaci tana karɓa. Yawancin rauta suna aika siginar sanarwa ne kusan duk milisakan 100. Mai karanta labarai ko kallon bidiyo ba zai taɓa lura ba. Mai jan linzami zai lura nan take.

Bashir: Wallahi ban kawo wannan a raina ba. Ina ake kashe shi?

Malam Sani: A Windows, cikin saitin wutar lantarki na zurfi akwai sashen na'urar Wi-Fi, a nan za ka mayar da shi kan cikakken ƙarfi har a kan batiri. Wasu laftof ɗin ba sa nuna sashen, sai ka duba ta Device Manager, a kan na'urar kanta. A Linux umarni ɗaya ne, iw dev, sunan na'urar, sannan set power_save off, sai dai yana komawa idan an sake kunna kwamfutar, in ba a rubuta shi a saiti na dindindin ba. Cajin zai ɗan fi saurin sauka, wannan gaskiya ne.

Bashir: Masu Mac fa? Na sha jin suna kuka da ping mai tashi ko suna jone da wuta.

Malam Sani: Nasu daban ne. Akwai wata hanya da ake kira AWDL, wadda AirDrop, tsarin tura fayil tsakanin na'urorin Apple, ke amfani da ita wajen neman na'urorin Apple da ke kusa. Rediyon Wi-Fi ɗaya ne a cikin kwamfutar, don haka yakan bar tashar rautarka ya leƙa wata tashar ya dawo. Duk leƙen nan jinkiri ne. Ana iya kashe ta da umarnin ifconfig awdl0 down don gwaji, amma AirDrop zai daina aiki, kuma tana sake kunna kanta.

Zainab: Malam, ni fa ba na son yawan umarnin nan. Babu hanyar da za a yi sau ɗaya a huta?

Malam Sani: Akwai, kuma ita na fi so: waya, wato kebul. Ki lura, idan duka biyun suna kan Wi-Fi, kowane saƙo sau biyu yake ratsa iska, zuwa rauta da fitowa daga rauta. Iskar nan kuma ba taki ba ce ke kaɗai. Zangon 2.4 gigahaz cike yake da rautocin maƙwabta da Bluetooth, ga wayar salularki tana loda hotuna ta MiFi ɗin. Ko ɗaya daga cikin kwamfutocin kika sa wa waya, kin rage rabin tafiyar iska. Idan duka biyun ne, ping yakan sauka ƙasa da milisakan 1 ya zauna a nan.

Zainab: Ai MiFi ɗina ba shi da ramin waya.

Malam Sani: Ba kya buƙatarsa. Ki sami wayar Ethernet guda ɗaya, ki jona kwamfutocin kai tsaye, baki da baki. Na'urorin yanzu suna gane juna, ba sai an nemo waya ta musamman ba kamar da. Sai a ba babbar adireshi 192.168.50.1, laftof kuma 192.168.50.2, a bar gurbin gateway babu komai. A cikin manhajar, a rubuta wa laftof wannan adireshin na babbar da hannu. Wannan matakin kada a manta da shi, don in aka bar ta ta nemo uwar da kanta, tana iya komawa ta Wi-Fi, waya na jone amma ba a bin ta. Intanet ɗinki zai ci gaba da zuwa ta MiFi, linzami kuma ya sami titinsa shi kaɗai.

Bashir: Laftof ɗinta siririya ce, ba ta da ramin. Amma akwai ɗan adaftan USB zuwa Ethernet, ina da guda a shago.

Malam Sani: Madalla. Sai dai tunda ka ambaci USB, ga wani abu. Idan linzamin mara waya ne mai ɗan tsinken nan da ake sokawa, kada a soka shi dab da ramin USB 3 da aka jona wa ma'ajiyar bayanai ta waje, wato hard disk. Intel ta fitar da bayani a 2012 cewa USB 3.0 yana fitar da hayaniya a zangon 2.4 gigahaz. Alamar wannan ita ce linzamin zai riƙa sarƙewa har a kan uwar kanta. Zainab ta ce nata lafiya lau yake a babbar, don haka ba shi ba ne.

Zainab: Akwai kuma wani abu da na lura. Idan na kwafi hoto a babbar, sannan na tsallaka, nan ma sai ta tsaya cak na ɗan lokaci.

Bashir: Wannan na san shi. Manhajar tana raba abin da aka kwafa tsakanin kwamfutocin, to hoton ne ke bin hanya ɗaya da linzamin. Ana iya kashe rabon a saitin uwar.

Zainab: A'a, bar mini shi. Kwafar rubutu daga nan in liƙa a can shi ne rabin amfanin da nake samu.

Malam Sani: To ki bar shi, tunda kin san dalilin. A kan waya ma ba za ki ji shi sosai ba. Abin da nake roƙo, Bashir, idan kun je gwadawa, abu ɗaya za ku riƙa canzawa a lokaci guda. Ku fara ping laftof tana jone da caji. Ku cire cajin ku sake. Ku kashe tattalin Wi-Fi ku sake. Sannan ku sa waya. Ku rubuta lamba mafi girma da kuka gani a kowane zagaye.

Bashir: In sha Allahu gobe bayan la'asar zan kai mata adaftan da wayar.

Zainab: Ka taho da mai tsawon mita biyu, teburin ba shi da faɗi. Lambobin kuma zan karanto muku su a shiri na gaba. Masu sauraro, mu kwana nan, sai mun sake haɗuwa.