Kariya a tukunya: furen da ba ya son lele

Hadiza: Jama'a, sallama. Yau muna tare da Malam Garba mai lambu, ga kuma Bashir. Malam, masu sauraro sun dame mu da tambaya kan kariya. Wai sun saya da fure jajir, wata biyu ta mutu.

Malam Garba: Ai ruwa ne ya kashe ta, 'yata. Shukar daji ce, ta ƙasa mai tsakuwa da tsandauri, tun daga Senegal har Sudan, ta haura Yaman. Wannan kumburarren gindin nata, ruwa take tarawa a ciki. Ki riƙa ba ta safe da yamma kamar alayyafo, saiwa ta ruɓe.

Bashir: To yaya mutum zai gane ta sha ya yi yawa?

Malam Garba: Matsa gindin da yatsa. Mai lafiya da tauri yake. In ya lotsa, ganye na yin rawaya, maza ka tono ta, ka yanke ruɓaɓɓen da wuƙa mai tsabta, ka ajiye ta a inuwa ta bushe kwana kaɗan, sannan ka sake dasawa.

Hadiza: A wace irin ƙasa?

Malam Garba: Yashi ya rinjaya. Ɗan ruɓaɓɓen kashin shanu, da gutsattsarin gawayi. Laka kuwa, kul! Tukunyar a huda ƙasanta sosai. Da damina kada a bar ta ƙarƙashin indararo, Agusta ne ke cinye yawancinsu. Rana kuma ko ta Maiduguri ce, a bar ta ta sha.

Bashir: Malam, ta gidanmu da hunturu ta zubar da ganye ƙaf, Hajiya har ta ce a tumɓuke.

Malam Garba: Ka ba Hajiya haƙuri. Hutawa take yi. A daji ma da rani take fure, sau da yawa babu ganye ko ɗaya, sai jan fure mai kunne biyar a kan reshe tsirara. In ta zubar da ganye, rage ruwa za a yi.

Hadiza: Ni dai maganar guba ce ke tsorata ni. Gida da yara.

Malam Garba: Da gaskiyarki. Dangin tumfafiya ce da kwankwani, kuma maharba sun daɗe suna haɗa dafin kibiya da ita, don zuciya yake taɓawa. Ruwan da ke fita in an yanke ta kada ya shiga ido ko baki. A wanke hannu da sabulu, a ɗora tukunyar inda yaro da akuya ba sa kaiwa.

Bashir: Waɗanda ake tallatawa a Instagram masu ninkin fure fa?

Malam Garba: Aikin manoman Tailan ne galibi. Aure ake yi musu, yadda muke wa mangwaro, a ɗora reshen mai kyan fure a gindin ta gida. Suna da kyau, amma tsadar ta yi yawa. Ni ta dajinmu ta fi kwanta mini.

Hadiza: Reshe ake dasawa ko iri?

Malam Garba: Duka biyun. Reshe ya fi saurin fure, sai dai a bar bakin yankan ya bushe tukun. Mai son ƙaton gindi kuwa iri zai shuka. Kwansonta biyu-biyu yake fitowa, in ya nuna sai ya tsage iska ta kwashe irin, don yana da gashi kai da gindi. Sai ki ɗaure kwanson da zare tun bai fashe ba. Ki shuka da ɗanyensa, in ya daɗe a ajiye ba ya tsira.

Bashir: Kwana nawa kafin ya fito?

Malam Garba: Da zafi, mako ɗaya zuwa biyu. Bayan shekara, in za ka canza tukunya, ka ɗan ɗaga gindin sama da ƙasa ya fito fili.

Hadiza: Mun gode, Malam, Allah ya ƙara lafiya. Mako mai zuwa sai albasar kwaɗi.