Ranar da baƙin littafi ya rubuta sunan kowa

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, barkanmu da yamma. Na baya kuna ji na? To madalla.

Maganarmu yau a kan imel ɗin da ka aika tsakani da Allah, ya dawo maka da lambar ƙin karɓa 550 ko 554, wai sabarka, wato kwamfutar da ke aika maka imel, tana cikin baƙin littafi, wato jerin waɗanda ake zargi da aika tarkacen saƙonni. Hanya uku zan kawo da ake zaluntar mai gaskiya.

Tushen abin a 1997 ne, lokacin da masanin intanet Paul Vixie ya fito da baƙin jerin da ake kira RBL, sannan Spamhaus, ƙungiyar yaƙi da tarkacen imel, ta zo a 1998. Saƙo ya iso, sai sabar mai karɓa ta juya lambar IP ɗin mai aikowa, wato adireshinsa a intanet, baya-gaba, ta tambayi jerin ta hanyar DNS, tsarin neman adireshi a intanet. In amsa ta zo 127.0.0.2, yana ciki, a kore shi. Shi ke nan fa.

Ta farko, maƙwabtaka. Gidan haya ne: kamfanoni da yawa a kan lamba ɗaya, ɗaya ya yi ɓarna, a kulle ƙofar kowa. Jerin UCEPROTECT ma, a matakinsa na 3, dukkan lambobin kamfanin intanet yake haɗawa ya rubuta.

Ta biyu, wannan ita ce ke ci mini tuwo a ƙwarya, ku saurara da kyau: jerin da ya mutu. A watan Agustan 2003 aka yi wa jerin Osirusoft ruwan hare-haren intanet har mai shi ya gaji. Da zai rufe, sai ya saita jerin ya riƙa cewa "yana ciki" ga duk lambar da aka tambaya. Duk duniya! Asibiti, jami'a, banki, kowa ya zama mai laifi a dare ɗaya. ORDB, ita ma mai irin wannan jeri, ta rufe a Disamban 2006, amma sabobi suka ci gaba da tambayarta, babu wanda ya cire ta daga saitinsa. A Maris 2008 ita ma ta fara amsa "yana ciki" ga kowa, don a ƙyale ta. Ku lissafa, sama da shekara guda mutane na dogara da jerin da babu kowa a bayansa. Sama da shekara guda! SpamCop kuwa, wata mai jerin, a ƙarshen Janairun 2021 rajistar sunanta na intanet ce ta ƙare ba a sabunta ba, sabobi suka ɗauki amsar da ke dawowa a matsayin hukunci, suka yi ta korar saƙonni. Na ga wani can yana girgiza kai, Malam, da alama ranar kana bakin aiki. (dariya)

Abin da ke ba ni takaici, gwajin gane ko jeri ya lalace bai kai minti ɗaya ba. Ƙa'idar RFC 5782, wadda ta bayyana tsarin waɗannan jerin, ta ce dole 127.0.0.2 ta kasance cikin kowane jeri, 127.0.0.1 kuma kada ta taɓa shiga. Ka tambayi jerin a kan 127.0.0.1. In ya ce tana ciki, ya lalace, cire shi yau. Kuma a riƙa karanta amsar kanta. Spamhaus na mayar da 127.255.255.254 idan ka tambaye ta ta DNS na gama-gari. Ma'ana, ta ƙi amsa maka ne, ba wai mai aikowa yana ciki ba. Sabar da ba a saita daidai ba sai ta kori bawan Allah a kan haka.

Ta huɗu... ta uku ko? Na'am, Hajiya, ga makirufo.

(Tambaya: Malam, mu da ke Najeriya, ba don sunan 419 ake toshe mu ba?)

Akwai wannan, Hajiya, ita ce ma ta ukun. An samu masu sabobi da suka toshe lambobin ƙasa sukutum, kuma ni ina ganin zalunci ne, don ɗalibar da ke neman gurbin karatu ba ta damfari kowa ba. Amma kafin ki zargi ƙasa, karanta saƙon da ya dawo, yawanci sunan jerin na ciki. In jerin PBL na Spamhaus ne, ba a ce kin yi laifi ba, an ce lambarki irin ta gida ce ko ta waya, wadda bai kamata ta aika imel kai tsaye ba. Sai ki bi ta sabar kamfaninki. In wani jerin ne, duba ko an sace kalmar sirrin wani ma'aikaci ana aika tarkace da ita, ki toshe ɓarakar, sannan ki nemi a cire ki. Spamhaus ba ta karɓar kuɗi a kan cirewa. Kawo saƙon bayan sallar magariba mu duba tare.